Yadda Za a Wayar da Kan Jama'ar Kano a Kan Cutar Rashin Ma'ajiyar Kitse

Duk wanda ya yi niyyar wayar da kan jama'a a kan lifodistirofi, wato cutar da ke hana jiki ajiye kitse a ƙarƙashin fata, aikinsa na farko shi ne ya raba ta da cututtukan da ake kamanta ta da su. A unguwannin Kano, yaron da ya rame tamowa ake cewa yana da ita, babban da kumatunsa suka faɗa sai a fara raɗe-raɗin ƙanjamau, idan kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ce sammu ne. Cutar ba ta da yawa, shi ya sa mai ita yakan daɗe ana yi masa maganin abin da ba shi ke damunsa ba.

A fara bayani da misalin rumbu. Kitsen ƙarƙashin fata shi ne rumbun da jiki ke zuba rarar abinci, idan kuwa babu shi, maiƙon sai ya kwarara cikin jini, ya taru a hanta da tsoka. Daga nan ne ciwon suga mai taurin kai yake tasowa, hanta kuma ta kumbura. Kitsen ne kuma ke samar da sinadarin leftin, wanda aka gano a 1994, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, saboda haka wanda ba shi da kitse yakan zauna cikin yunwar da ba ta yankewa.

Alamomi su ne inda ya kamata a fi daɗewa, domin su ne iyaye ke gani da idonsu. A kwatanta musu yarinya 'yar shekara huɗu da ta cinye malmalar tuwo biyu tana neman ƙari, ga damatsanta a murɗe kamar na ɗan dambe, jijiyoyi sun fito raɗo-raɗo, ciki ya turo gaba, bayan wuyanta da hammatarta sun yi baƙi da kauri, mahaifiyarta tana ta dirzawa da soso da sabulu a zaton dauɗa ce. Wannan baƙin ba dauɗa ba ne, alama ce ta cewa jiki ba ya jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Mai tamowa tsokarsa ce ke zubewa tare da kitsen, wannan kuwa tsokarta tana nan daram, kuma bambancin da ya fi kamata a nanata ke nan.

Batun gado yana buƙatar lafazi mai taushi. Nau'in da ake haihuwar yaro da shi, wanda likita Berardinelli ya bayyana a Birazil a 1954, likita Seip kuma a Norwe a 1959, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar yake fitowa, kuma kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu, kamar dai sikila. Ya fi aukuwa inda auren zumunci ya yawaita, amma mai wayar da kai da ya tsaya a majalisa yana aibata auren 'yan uwa zai tashi babu mai sauraronsa, kuma a ƙarshe uwar yaron za a ɗora wa laifi. Ya isa a ce ɓangarorin biyu ne ke kawo shi, a kuma faɗi cewa gwajin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna shi. Akwai nau'in da likita Dunnigan ya bayyana a 1974, wanda gado daga ɓangare ɗaya ya wadatar. Lokacin balaga yake fitowa, kitse ya bar hannuwa da ƙafafu da ɗuwawu ya taru a fuska da wuya, kuma ya fi fitowa fili a jikin mata, sau da yawa tare da rikicewar al'ada.

Wasu ba gadonta suka yi ba. Tsohon maganin ƙanjamau mai suna sitabudin ya zubar da kumatun mutane da yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye shi a 2009, amma kada wannan bayani ya sa wani ya ajiye maganin da yake sha yanzu ba da sanin likitansa ba. Masu allurar insulin kuma a tuna musu su riƙa sauya gurbi, domin maimaita wuri ɗaya kan sa fata ta yi kumburi ko rami.

A ganina, gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na neman ƙiba. Iyaye kan ɗura wa yaron man shanu da soye-soye, budurwa kuma ta nufi kemis ta sayo ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗaga suga. Jikin da ba shi da rumbu ba zai yi ƙiba ba, cutar kawai za ta ƙaru. Saboda haka masu kemis su ne na farko da ya kamata a zauna da su, sai ungozomomi, da ma'aikatan awo da rigakafi, da malaman islamiyyun matan aure. Ranar 31 ga Maris, wadda aka keɓe domin cutar a duniya, dama ce ta neman fili a gidajen rediyo. Kada a yaɗa hoton mara lafiya a WhatsApp ko Facebook sai da yardarsa ko ta iyayensa.

Kowane taro ya ƙare da faɗin inda za a je. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da asibitin yara na Hasiya Bayero wurare ne da za a fara, a nemi gwajin suga da na maiƙon jini da hoton hanta. A faɗi gaskiya cewa babu maganin da ke dawo da kitsen, sai dai rage maiƙo da zaƙi a abinci, da magungunan suga da na maiƙon jini bisa umarnin likita. Allurar metireleftin mai maye gurbin leftin, wadda Amurka ta amince da ita a 2014, tana da tsada ƙwarai, bai kamata a yi wa kowa alkawarinta ba. Idan kuma mai cutar ya kamu da matsanancin ciwon ciki da amai, a kai shi asibiti nan take, domin yawan maiƙon jini kan kumbura gaɓar da ke samar da insulin.