Kurakuran da aka fi yi wajen danganta ɗumin teku da ruwan sama

Da zarar an sanar cewa teku ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, sai ka ji an yanke hukunci nan take cewa ƙasashen da ke gaɓarsa za su samu ruwa mai yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ruwa mai ɗumi ya fi fitar da tururi, kuma duk ƙarin digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos yana ba iska damar ɗaukar danshi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Amma sai iska ta kwashi danshin ta kai shi kan tudu, sannan ya tashi sama ya huce, kafin hadari ya haɗu. Bahar Maliya da Tekun Fasha suna haura digiri 30 a watannin zafi, ga shi hamada ce ta kewaye su, saboda iskar yankin saukowa take yi daga sama tana danne girgije. Don haka kafin ka ce komai, tambayi inda iska ta dosa, kuma ko tashi take yi ko sauka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kallon ɗumin wuri guda. Abin da ke tura iska shi ne bambanci tsakanin wuri biyu, kuma jerin gizagizan da ke kawo damina a yankunan zafi yana karkata zuwa ɓangaren tekun da ya fi ɗumi. Dubi Afirka ta Yamma. Iskar damina tana kutsawa arewa ne saboda Sahara ta ɗau zafi yayin da mashigin tekun Gini ya yi sanyi. Shekarar da ruwan mashigin ya ɗumama, tazarar sai ta ragu, ruwan sama ya tsaya a gaɓa, Sahel, wato yankin da ke bakin Sahara ta kudu, ta kwana da ƙishi. Haka aka gani a 1984, ɗaya daga cikin shekarun fari mafi muni a yankin. Teku ya yi ɗumi, amma cikin ƙasa ya bushe.

Wannan kuskure ya taɓa sa an ɗora wa talaka laifin da ba nasa kaɗai ba. A 1975 masani Jule Charney ya kawo bayanin cewa kiwo fiye da kima da ƙarewar ciyayi na iya rage ruwan Sahel, mutane da yawa suka riƙe wannan a matsayin dalilin farin. Sai a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun farin sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumama. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa abin tsanani, amma tushen yana cikin teku. Gyaran a nan shi ne ka riƙa kwatanta arewa da kudu, ko gabas da yamma. A tekun Indiya a 2019 yamma ta yi ɗumi gabas ta yi sanyi, sai ambaliya ta sauka a Kenya da Somaliya, Ostireliya kuma ta sha fari da gobarar daji.

Wasu kuma tekun da ke kusa da su kawai suke dubawa. El Niño ɗumamar tsakiya da gabashin tekun Fasifik ne, yana zuwa duk bayan shekara 2 zuwa 7, amma yana sauya tafiyar iska a duniya baki ɗaya. Na 2015 zuwa 2016 ya taimaka wajen jefa Habasha da kudancin Afirka cikin fari, alhali dubban kilomitoci ne tsakaninsu da Fasifik.

Sai masu ɗaukar sunan El Niño tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. Na 1997 yana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, kowa ya zuba ido ya ga fari a Indiya, amma daminar ta zo daidai gwargwado, kuma masana da dama suna ganin yanayin tekun Indiya a shekarar ne ya rage masa kaifi. Na 2002 bai kai shi ƙarfi ba, duk da haka Indiya ta sha mummunan fari. Ɗumin teku yana ƙara yiwuwar abu ne ko ya rage ta. Idan hasashe ya ce yiwuwar ƙarancin ruwa kashi 50 ce cikin ɗari, to sauran 50 ɗin na nan, kuma wanda zai yi shiri ya kamata ya yi shi da duka biyun a zuciya. Hasashen damina ma yawanci jimillar ruwan watanni uku yake nufi. Bai faɗi ranar da ruwa zai sauka ba, bai kuma hana a yi mako uku babu ɗigo a tsakiyar damina mai albarka ba.

A kula da taswira ma. Jan launi a yawancin taswirorin ɗumin teku yana nuna cewa wurin ya fi yadda ya saba ɗumi ne, idan aka gwada da matsakaicin shekara 30, kamar 1991 zuwa 2020. Ruwan da ya saba zama digiri 15 ya koma 16 zai fito ja, amma ba zai haifar da hadari irin na ruwan da ya tashi daga 28 zuwa 29 ba. Sannan a duba watan da aka fitar da hasashen. Na El Niño da aka yi tsakanin Maris da Mayu ya fi saurin kuskure, saboda lokacin ne Fasifik ke sauya hali, don haka a sake neman sabo a Yuni ko Yuli.