Yadda Ake Neman Tallafin Gwamnatin Birtaniya Na Biyan Kuɗin Ruwan Bashin Gida

Wanda ya sayi gida da bashin banki a Birtaniya ya san cewa wata ba ya jiran kowa. Ko aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da mai gida, ranar da banki zai zari kuɗinsa ba ta sauyawa. Domin irin wannan hali gwamnati take da wani tsari mai suna Support for Mortgage Interest, ana taƙaita shi da SMI, ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP. Sai dai tun kafin a yi nisa a san wannan: a da kyauta ne, amma daga watan Afrilun 2018 ya koma rance. Gwamnati za ta biya maka wani kaso na kuɗin ruwan da banki ke binka, ta rubuta shi bashi a kan gidanka, ita ma ta ɗora nata ruwan a kai. Sunan tallafi ne kawai ya rage masa.

Mataki na farko: duba takardar zamanka

Nan ne ya fi shafar mutanenmu, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa. Galibin waɗanda suka shigo da bizar aiki, ko ta karatu, ko ta bin miji ko mata, akwai sharaɗi a takardarsu cewa ba su da hakkin cin kuɗin tallafin gwamnati. Da Turanci ana rubuta shi No recourse to public funds. In wannan sharaɗi yana kanka, ƙofar SMI a rufe take, domin tallafin da ake bi ta kansa a same shi yana cikin abubuwan da aka hana ka. Kada ka ce bari in gwada sa'a. Karɓar abin da biza ta haramta na iya ɓata maka neman sabunta ta ko neman zaman dindindin nan gaba. Wanda ya samu izinin zama na dindindin ko ya zama ɗan ƙasa, shi hanya a buɗe take. Gidan da ɗaya ke da takarda ɗaya kuma yake kan biza, a nemi shawarar masanin dokar shige da fice kafin a taɓa kowane fom.

Mataki na biyu: shiga tallafin da zai buɗe maka ƙofa

Ba a neman SMI shi kaɗai. Dole sai kana karɓar ɗaya daga cikin tallafin masu ƙaramin ƙarfi, kuma a yau guda biyu ne manya: Universal Credit ga masu shekarun aiki, da Pension Credit ga waɗanda suka kai shekarun fansho. Mai Pension Credit ba ya jira, daga ranar da aka fara ba shi ya cancanta. Mai Universal Credit kuwa sai ya karɓa wata 3 a jere. Kafin Afrilun 2023 wata 9 ake jira, kuma ko kwabo ka samu daga aiki an cire ka. Yanzu an soke wannan, kana iya yin ɗan aikinka kana kuma samun rancen.

Tun da wata ukun ba sa fara ƙirguwa sai ka shiga, kada ka zauna cinye ajiya kana jiran sabon aiki ya faɗo. Ranar da albashi ya yanke, ranar za ka buɗe buƙatarka ta Universal Credit a intanet.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a faɗa ƙarara. Universal Credit ba ya karɓar wanda dukiyarsa ta haura fam 16,000, kuma daga fam 6,000 ake fara rage abin da za a ba ka. Gidan da kake ciki ba ya shiga lissafi, amma abin da ka mallaka a ƙasar waje yana shiga. Fulotin da ka saya a Kano, gidan hayar da ka gina a Kaduna ko Maraɗi, kuɗin da ke kwance a asusunka na gida, duk dukiya ce a wurinsu. Ka bayyana su, su yi lissafinsu. Ɓoyewa zamba ce a dokarsu, in asiri ya tonu kuma sai an amayar da duk abin da aka ci.

Mataki na uku: yi lissafi da biro da takarda

SMI ba ya taɓa uwar kuɗin da ka ranta. Ba ya biyan bashin watannin da suka taru maka a baya, ba ya biyan inshora. Ruwa kawai yake taimakawa da shi, na bashin sayen gidan da kake zaune a ciki, da na wasu rancen da aka ci domin gyaran da ya zama dole a gidan. Iyakar bashin da ake dubawa fam 200,000 ne, ga mafi yawan masu Pension Credit kuma fam 100,000.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne gwamnati ba ruwanta da kason ruwan da bankinka yake caja. Tana da nata kaso guda da take auna kowa da shi, wanda ake ɗaukowa daga matsakaicin ruwan bashin gidaje da Babban Bankin Ingila ke wallafawa. A 2023 kaɗai ya tashi daga 2.09% zuwa 2.65%, sannan ya kai 3.16% a ƙarshen shekarar. Yana sauyawa, don haka ka duba na yau a shafin intanet na gwamnati, gov.uk.

Mu ɗauki 3.16% ɗin a matsayin misali. A ce saura fam 150,000 banki ke binka. Gwamnati za ta biya fam 4,740 a shekara, wato fam 395 a wata. In bankinka 5.5% yake caja, ruwan wata ya kai fam 687.50. Giɓin fam 292.50 naka ne, ga kuma uwar kuɗi ba a taɓa ta ba. In ka yi shekara biyu a haka, ka tara wa gidanka sabon bashin fam 9,480, ban da ruwan da gwamnati ke ɗorawa, wanda shi ma ake iya sauya kasonsa sau biyu a shekara. Wannan lissafi ne zai gaya maka ko rancen zai ceci gidan, ko kuwa jinkiri kawai zai saya maka.

Mataki na huɗu: kira bankinka

Kada ka jira wasiƙar gargaɗi mai jan rubutu. Tun 2023 manyan bankunan ƙasar suka sa hannu a wata yarjejeniya mai suna Mortgage Charter. A ƙarƙashinta wanda bai riga ya fara tsallake biya ba zai iya komawa biyan ruwa zalla na wata 6, ko ya tsawaita shekarun bashin don biyan wata ya ragu. Sun kuma yi alkawarin ba za su ƙwace gida ba tare da yardar mai shi ba kafin shekara guda ta cika daga biyan farko da aka tsallake, sai dai a wani hali na musamman. Biyan ruwa zalla ya dace da watannin jiran nan. Ka gaya musu kana neman SMI, su rubuta a fayil ɗinka.

Mataki na biyar: fom da sa hannu

Lokacin cike buƙatar tallafi za a tambaye ka kuɗin muhalli, ka faɗi cewa gidanka ne kuma da bashi a kansa. Mai Universal Credit ya rubuta saƙo a kundinsa na intanet, mai Pension Credit ya kira ofishin fansho. Za a aiko da fom mai suna MI12. Ka cike naka ɓangaren, ka miƙa wa banki ya cike nasa ya tura. Ka ajiye kwafi, ka kuma bi sawu, domin a tsakanin banki da ofis takarda ta fi yin barci.

In ka cancanta za a yi maka tayin rancen, da takardar yarjejeniya da ta jinginar da gidan. In kana da mata ko miji a gidan, sai kun sa hannu tare, don haka wannan ba abin da mai gida zai yi a ɓoye ba ne. Ba a binciken tarihin bashinka, ba kuɗin buɗewa. Kuɗin yawanci kai tsaye banki yake tafiya, ba ya biyowa ta hannunka. Kana da damar ƙin karɓa yanzu ka dawo daga baya. Kafin sa hannu ka kai takardun wurin ƙungiyoyin agaji irin su Citizens Advice, ko StepChange, ko Shelter, duk kyauta suke ba da shawara.

Ga Musulmi akwai maganar riba, ba kuma za a tsallake ta ba. Wanda ya guje wa ruwa ya sayi gidansa ta tsarin Musulunci, inda banki ke sayen gidan tare da kai kana biyan haya kana sayen kasonsa a hankali, doka ta amince a taimaka masa da irin wannan biyan in yana kan Universal Credit ko Pension Credit. Amma shi kansa rancen gwamnatin da ruwa yake. Ko halin da kake ciki ya kai lalura, wannan tambaya ce ta malami, kuma gara malamin da ke zaune a ƙasar ya san tsarin. Ka je masa da lissafin nan na sama a hannu, kada ka je da labari.

Bayan an fara biya

Ba za a matsa maka da biyan wata-wata ba. Ana karɓar kuɗin ne ranar da ka sayar da gidan ko ka mayar da shi sunan wani, ko bayan rasuwa. Banki ne zai fara ɗaukar nasa, gwamnati ta biyo baya. In abin da ya rage bai kai ba, za ta ɗauki abin da ya samu ta yafe sauran. In ƙaura za ka yi zuwa wani gidan da ka saya, kana iya neman a mayar da bashin kan sabon gidan, amma ka yi maganar kafin a kammala ciniki. In hali ya samu kana iya ragewa da kanka, daga fam 100 zuwa sama, kuma da zarar ka samu aiki mai ƙwari ka ce a dakatar, don kada magada su tarar da gida ya zaizaye.

Sai maganar tafiya gida. Universal Credit yana barin mutum ya fita ƙasar na wata ɗaya ne a mafi yawan hali, Pension Credit kuma mako 4. Wanda ya tafi hutun Sallah ko aikin Hajji ya zarce da ziyarar dangi har ya wuce wannan, tallafinsa zai tsaya, SMI ya tsaya tare da shi. In Universal Credit ɗinka ya yanke ka kuma koma kansa cikin wata 6, ba sai ka sake jiran wata ukun ba. Ka sanar da su ranar tafiya da ranar dawowa tun kafin ka yanki tikiti.