Kurakuran da masu ɗura harsashin fistol na gasa suka fi yi

Wallahi abin da ya fi tayar min da hankali a wannan harka ta haɗa harsashi da hannu shi ne zuba albarushi sau biyu a kwanson harsashi ɗaya. Kana cikin ɗuri wani ya kira ka a waya, ka dawo ka manta ka riga ka zuba, ka ƙara. Kwanson .44 Magnum ko .357 Magnum yana da zurfi, in albarushin mai saurin ci ne kaɗan ake sawa, to biyun za su shige ba tare da ya cika ya zubo ba balle ka lura, kuma wannan ya isa ya tarwatsa bindiga a hannunka. Maganin kawai ka leƙa cikin kowane kwanso da fitila kafin ka ɗora kan harsashi, kowanne fa, ba wai ka duba uku ka ce sauran ma haka suke ba.

Kishiyarsa kuma kwanson da ba a zuba masa komai ba. Furaima, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, ita kaɗai za ta tura kan harsashin ya maƙale a cikin bututu. In ka ji ƙara ta fito a raunane, bindiga ba ta girgiza hannunka ba, tsaya nan take ka sauke harsasai ka duba bututun, ko da agogon gasa na tafiya. Harbi na gaba a kan wancan shi ne masifar.

Sai masu neman ƙarfi da gaggawa. A gasar USPSA, ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, sai nauyin kan harsashi a giren (ma'aunin ƙaramin nauyi) sau gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000, ya kai 165 kafin a lissafa ka a ajin masu harsashi mai ƙarfi, shi ya sa wasu ke farawa daga ƙololuwar awon albarushin da littafin ɗuri ya bayar. Dan'uwa fara daga awon farko na littafin kamfanin Hodgdon ko Lyman ko Hornady, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana auna gudu da na'ura. Kuma da ka canza furaima ko kai ko kwanso, koma ƙasa ka sake farawa. Awon da wani ya rubuta a intanet, bindigarsa ba taka ba ce.

Ragewa ma ba ko da yaushe ce lafiya ba, albarushi irin su H110 ba a son a yi ƙasa da abin da littafi ya ce.

Matse bakin kwanso shi ma ana wasa da shi. A rifolba mai ƙarfi girgiza kan fizgo kan harsashi waje har silinda, wato gidan harsasai mai juyawa, ta cije, a fistol mai sarrafa kanta kuma kan yakan nutse ciki matsi ya hau sosai.

Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, sauran a kabad. Gwada sikelinka kafin ka fara, sa gilashin kare ido, kuma ka wanke hannu kafin ka ci abinci saboda dalma.