Yadda Za Ka Zaɓa wa Yaronka Makarantar Firamare a Saudiyya: Ta Hukuma ko Ta Kuɗi

Duk magidancin da ke zaune a Makka ko Jidda ko Madina, da zarar ɗansa ya doshi shekara 6, sai shawarwari su fara zuwar masa ta ko'ina, wani ya ce a kai shi makarantar hukuma tunda kyauta ce, wani ya ce a daure a biya ta kuɗi domin Turanci. Na sanya 'ya'ya a kowanne ɓangare, kuma abin da na fahimta shi ne, tambayar da ya kamata uba ya fara yi wa kansa ita ce: a ina nake sa ran yaron nan zai kasance nan da shekara goma sha biyu?

Kafin a kai ga wannan, a fara da takardu. Rajistar ɗalibai tana gudana ne ta tsarin Ma'aikatar Ilimi da ake kira Nur, kuma ana buɗe ta watanni kafin sabuwar shekarar karatu. Ana buƙatar igamar yaro, wato katin izinin zamansa a ƙasar, mai rai, da takardar haihuwa, da katin allurar rigakafi cikakke, da gwajin lafiya. Wanda igamar ɗansa ta mutu, ya fara da sabunta ta, domin ta hukuma da ta kuɗi duk da lambar igama suke shigar da ɗalibi. Ina roƙon iyaye kada su bari a ruɗe su da makarantun cikin gida marasa lasisi, waɗanda ake cewa su ba sa neman takarda. Yaro zai iya koyon karatu a can, amma ranar da za a nemi sakamakonsa a Nur ba za a samu komai ba, shekarun sun tafi ke nan.

Makarantar hukuma ba a biyan kuɗin karatu, littattafai ma kyauta ake rabawa. Firamaren, wato ibtida'i, shekara 6 ce, sai mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, shekara 3, sai sanawi, wato babbar sakandare, shekara 3. Da Larabci ake koyar da komai, Alƙur'ani da tauhidi da fiƙihu suna da gurbi mai faɗi, akwai ma makarantun tahfizi na hukuma ga mai son ɗansa ya haɗa hadda da boko. Tun shekarar 2021 aka fara koyar da Turanci daga aji ɗaya, sai dai darasi ne guda a cikin darussa, ba zai sa yaro ya iya rubuta jarrabawa da Turanci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbi: 'yan ƙasa ake fara ɗauka, baƙo kuma ya jira abin da ya rage, don haka a unguwanni masu cunkoso irin su Hindawiyya da Misfala, mai jinkirin rajista yakan tsinci ɗansa a makaranta mai nisa da gida.

Makarantun kuɗi iri biyu ne, kuma mutanenmu da yawa suna cakuɗa su. Ahliyya manhajar Saudiyya take koyarwa, littafinta da na hukuma ɗaya ne, abin da ake saye a wurinta shi ne ƙarancin ɗalibai a aji, da ƙarin darasin Turanci da kwamfuta, da kulawar malami. Alamiyya kuwa yawanci manhajar Ingila ko ta Amurka take bi da Turanci, tare da darussan Larabci da addini, kuɗinta kuma yakan fi nauyi.

Yanzu a koma ga tambayar farko. Idan iyalinka sun daɗe a ƙasar nan, nan yaron zai girma, nan zai nemi abinci, to Larabcin makaranta shi ne jarinsa, kuma ta hukuma ta wadatar matuƙar an samu gurbi. Larabcin da yaranmu ke tsinta a layi daban yake da wanda ake rubuta takarda da shi, a aji ake samun na biyun. Idan kuwa zamanka na kwangila ne, ka san wata rana za ka mayar da iyali Kano ko Sakkwato, to ka tuna cewa jami'a a Najeriya ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit a Turanci, da lissafi a fannoni da dama, ga kuma jarrabawar JAMB. Yaron da ya yi shekara shida yana lissafi da Larabci yakan sha wuya idan aka dasa shi a sakandaren Najeriya rana tsaka. Wanda zai koma Nijar kuma lissafinsa daban ne, tunda Faransanci ne ke jiransa a yawancin makarantu, ko da yake akwai na Faransanci da Larabci. A tuna kuma cewa jami'o'in gwamnati a nan 'yan ƙasa suka fi ɗauka, baƙo yawanci sai ta hanyar minha, wato tallafin karatu, wadda ba kowa ke samu ba.

Sai maganar aljihu, wadda nake so a yi ta da biro da takarda. Kada ka lissafa kuɗin shekara ɗaya, ka lissafa na shida. Ka haɗa da kuɗin rajista, da na mota, da tufafin makaranta, da littattafan alamiyya waɗanda saye ake yi, da harajin kashi 15 cikin ɗari wanda hukuma ke ɗauke wa ɗan ƙasa amma baƙo yake biya. Ka ɗora wannan a kan riyal 400 da baƙo ke biyan hukuma a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa a wata, idan kana cikin waɗanda kuɗin ya hau kansu, sannan ka tuna da ƙannen yaron da ke tafe. Na ga wani maƙwabcina ya sa ɗansa a alamiyya shekara biyu, aikinsa ya tsaya, aka mayar da yaron ta hukuma a aji uku. Nakan gan shi da yamma a bakin ƙofa, littafin Larabci a cinyarsa, yana bin layi da yatsa yana haɗa baƙi, alhali sa'o'insa sun daɗe da wuce wannan matakin. Sai da aka yi shekara ana kai shi wurin malami bayan la'asar kafin ya kamo su.

Idan ka tsayar da ɓangare, ka je makarantar da ƙafarka, da safe lokacin ɗabur, wato jeruwar ɗalibai kafin shiga aji, kada ka dogara da hotunan talla. Ka nemi ganin mudir, wato shugaban makarantar, ko wakilinsa, ka tambayi yawan ɗalibai a aji ɗaya, ka tambayi ko malamin aji ɗaya na bara yana nan, domin makarantar da malamanta ke sauyawa kowace shekara ba ta riƙe yaro. Ka leƙa banɗaki, ka duba ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki, wanda a zafin Makka ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan shekara shida. Idan ginin gidan haya ne aka mayar makaranta, ka dubi filin wasa da ƙofar fita. Ga 'ya mace, mahaifiyarta ce za ta shiga ta gani da idonta. Idan ta kuɗi ce, ka nemi ganin lasisinta, ka karanta yarjejeniyar kafin sa hannu, musamman abin da ta ce game da mayar da kuɗi in an cire yaro a tsakiyar zango. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: ka samu yaron unguwa da ke aji uku a makarantar, da izinin iyayensa, ka buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, ka saurari yadda zai karanta.

Duk wadda ka zaɓa, Hausa ba ta cikin jadawalin ko ɗaya daga cikinsu, a gida kaɗai yaron zai same ta, don haka a riƙa yi masa magana da ita a kan tabarmar cin abinci, a kuma bar shi ya amsa da ita.