Yadda Ake Riƙe Masu Karatu a Labarin Shafi-Shafi, da Maganin Masu Fasa Ƙwai

Duk marubuciyar da ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, Wattpad ko Telegram ta san saƙon nan: "Anti don Allah a ƙaro, wallahi na kasa barci." Ta san ƙanensa da ke biyowa ta bayan fage: "Ni dai ki faɗa min kawai, zai mai da ta ɗakinta ko kuwa?" Na ukun ne mai ciwo, ki wayi gari ki tarar wata da ta riga kowa karantawa ta shelanta wa zaure, wato gurup ɗin masu karatu, cewa Hajiya ce ta sa aka sace yaron, abin da ake kira fasa ƙwai ke nan. Ukun nan tushensu ɗaya. Duk tambayar da kika buɗe a labari bashi kika ci a hannun mai karatu, kuma mai bin bashi in ya gaji da jira, ko ya yi fushi ya tafi, ko ya haura katanga ya ɗauki abinsa. Da mata muke magana don su suka fi yawa a fagen, amma maza ma su ɗauka.

Lissafi kafin a saki shafin farko

Littafi mai shafi 60, ana sakin uku a mako, zai ci mako 20, kusan wata biyar ke nan. A cikin wata biyar dole a yi biki ko rasuwa a dangi, yaro zai yi zazzaɓi, waya za ta faɗa ruwa, wuta za ta yi kwana uku ba a gan ta ba. Saboda haka kada ki saki shafi na 1 sai kina da aƙalla 15 a ajiye, an gyara su an gama. Wannan jarin mako biyar ne. Kullum kika saki ɗaya ki rubuta ɗaya ya maye gurbinsa. Ranar da ajiyar ta sauko ƙasa da shida, ki rage saki zuwa biyu a mako, ki kuma sanar tun kafin a tambaya. Ki aika wa kanki kwafin ajiyar ta imel, domin rubutun da ke cikin waya ɗaya tilo a bakin rijiya yake.

Ki tsai da rana da lokaci, ki maƙala sanarwar a saman zaure. WhatsApp yana barin saƙo a maƙale na awa 24, kwana 7 ko kwana 30, sai ki zaɓi na 30 ki riƙa sabuntawa. Ƙarfe 9 na dare, bayan an yi Isha'i an sallami yara, ya fi dacewa da matan gida. Ma'aikata da ɗalibai kuwa da safe suke karatu, a cikin Keke ko bas daga Rigasa, Kawo ko Tudun Wada zuwa cikin gari, kuma shafin daren jiya yana nan yana jiransu. Mutum zai iya haƙurin kwana biyu in ya san Laraba tabbas ce. Rashin sanin ranar ne ke haifar da "wai ina marubuciyar nan ta shige?"

Ki duba kalanda kuma. In azumi zai riske ki a tsakiyar littafi, ki shirya hutun ya faɗo a ƙarshen wani babban rikici da aka warware. Barin jaruma a asibiti tsakanin rai da mutuwa har bayan Sallah ba gwaninta ba ce, rabin masu karatun ba za su dawo ba.

Tambaya uku a lokaci guda

Nan ne aikin yake. Labarin da ke tafiya daidai yana ɗauke da tambayoyi iri uku a tare. Akwai ƙarama, wadda ake amsawa a shafi ɗaya ko biyu: wa ya yi sallama a ƙofa da tsakar dare? Akwai matsakaiciya, mai cin shafi takwas zuwa goma: za a ɗaura auren nan ko za a fasa? Sai babba, wadda ke ɗauke da littafin duka: waye mahaifin yarinyar da aka tsinta? Ƙa'idar ita ce kowane shafi ya biya bashi ɗaya kafin ya ci sabo. In kin rufe shafi na 12 da sallama a ƙofa, shafi na 13 ya buɗe ƙofar tun a sakin layi na farko ko na biyu.

Dubi dabarar aku a Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a shekarun 1930. Aku yana tsare Musa da labarai don kada ya fita, kuma labaran suna kaiwa ƙarshensu, mai sauraro ya samu abin da ya zauna dominsa. Babbar tambayar, ko yaron zai fita ya faɗa tarkon Waziri, ita kaɗai ake ta ɗagawa.

Kurakuran da suka fi kashe littafi a nan guda uku ne, na farko kuma ya fi yawa. A tsaya a wuri mai zafi, washegari a tsallaka gidan wasu mutane dabam a yi shafi huɗu ana girki da hirar anko. Sau ɗaya za a yafe miki. A karo na uku mai karatu ta gane ja mata rai kawai ake yi, sai ta daina karantawa ta koma jiran a gama ta nemi dokumen, wato littafin duka a haɗe wuri ɗaya. Na biyu, tsayawar ƙarya: a ce "sai ga jini", gobe a tarar ɗan yatsa ta yanke tana yanka albasa. Na uku, waiwaye mai tsawo, wato a dakatar da labari ana tsaka da rikici a koma tarihin kakanni shafi goma. In tarihin dole ne, ki yayyanka shi, kada ya wuce shafi biyu a jere.

Tsawon shafi ma yana da hannu. Kalma 1,500 zuwa 2,000 ta isa a yi fage biyu ko uku, wani abu ya canza. In kin gama shafi, tambayi kanki abin da mai karatu ta sani yanzu wanda ba ta sani ba jiya. In babu, ki haɗe shi da na gaba.

Masu neman satar amsa

Ba duk mai tambayar ƙarshe ce maƙiyiyar labari ba. Wata fargaba ce ke damunta, ba za ta iya zuba wata biyar a kan jarumar da za a kashe ba, musamman in ita ma ta taɓa ganin irin wannan rashi. Wata kuma ta fi jin daɗin karatu in ta san inda aka dosa, don ta riƙa lura da yadda aka shimfiɗa hanya. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun gwada gajerun labarai 12 a kan ɗalibai, suka ga waɗanda aka faɗa wa ƙarshe tun farko ba su rasa daɗin labarin ba, galibi ma sun ɗan fi jin daɗinsa. Sai dai a lura, gajerun labarai ne da ake karancewa a zama ɗaya. Littafin da ake bi wata biyar, rabin daɗinsa musu ne da hasashe a zaure, kuma wannan ne fasa ƙwai ke kashewa.

Don haka kada ki faɗa wa kowa ƙarshe, ko aminiyarki ce, domin maganar da ta shiga kunne biyu ta zama ta gari. Abin da za ki iya bayarwa shi ne gargaɗi na bai-ɗaya tun a shafin farko: akwai mutuwa, akwai saki, akwai cin zarafi. Mai rauni ta san abin da ta shiga ba tare da an ce wane ko yaushe ba. Ga masu naci kuma, ki tanadi amsa ɗaya mai ladabi da za ki riƙa ba kowa: "Haƙuri dai 'yar uwa, amsarki tana tafe kafin shafi na 30." Sanin iyakar jiran yana kwantar da hankali fiye da yadda ake zato.

Wani abu da ya fi duk wannan: ki gina labarin yadda ko an ji ƙarshe za a so a ga hanya. Kowa ya san jarumi da jaruma za su daidaita a yawancin littattafan soyayya, amma ana karantawa, don ana son ganin yadda uwar miji za ta sauko da abin da zai ci kafin nan. Littafin da duk nauyinsa ke kan sirri ɗaya, saƙo ɗaya ya isa ya rushe shi.

Ta inda ƙwai ke fashewa

Mafi yawan ɓarakar daga gida take. Babbar kafa ita ce tsarin biya hawa biyu, inda 'yan zaure na musamman da suka fi biyan kuɗi ke samun shafuka gaba da sauran. In tazarar ta kai shafi 20, kin ajiye mutane ɗauke da sirrin mako bakwai kina fatan su yi shiru. Ki tsai da tazarar a shafi uku zuwa biyar, kuma shafin da babban sirri zai fito ki sake shi ga kowa a dare ɗaya.

Sai ke kanki. Tallar da kike ɗorawa a sitatus, hoton bangon da ya nuna amarya da wanda bai kamata a san shi ne angon ba, sunan babi irin "Rasuwar Abba". Haka mai yi miki taifin, da mai gyara, da mai karanta littafin da murya a YouTube, wanda zai iya rubuta ƙarshen labari ɓaro-ɓaro a kan hoton bidiyo don a danna. Ki yi yarjejeniya da shi a rubuce cewa ke za ki amince da take da hoto kafin ya ɗora.

A WhatsApp, ki raba zaure biyu. Na farko na saki ne kawai, a saita shi admin kaɗai ke iya turo saƙo. Na biyu na sharhi. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, kuma a taro irin wannan ba a rasa mai bakin da ba ya riƙe magana, saboda haka dokar ta zama gajera a kuma maƙala ta: ba a tattauna sabon shafi sai ya yi awa 24 da fita, mai son magana kafin nan ta fara da "SATAR AMSA, shafi na 34" a layin farko, ta bar layuka da yawa kafin ta shiga zance. Dalilin layin farko shi ne, shi ke bayyana a sanarwar da ke faɗowa kan fuskar waya, mutum zai gani ko bai buɗe ba. Ki naɗa admin biyu, ɗaya mai duba dare ɗaya mai duba safiya. Admin na iya goge saƙon wani ga kowa da kowa, kuma damar tana nan har kusan kwana biyu, amma amfaninta a mintunan farko yake. Hukunci: gargaɗi sau ɗaya, na biyu fita na mako guda. Hasashe kuwa kada a hana shi, shi ne gishirin zaure. Sai dai in wata ta canka daidai, kada ki ce komai, ko alamar dariya kada ki saka.

Telegram ya fi kayan aiki a nan. Yana da hanyar lulluɓe rubutu yadda sai an taɓa shi zai bayyana, yana da saitin hana tura saƙo waje da hana adana shi, yana kuma barin ki tsara shafi ya fita da kansa a lokacin da kika sa, ko da wayarki a kashe take. Amma babu saitin da zai hana a ɗauki hoton fuskar waya da wata wayar.

In dokumen kike tura wa mutane ɗaya-ɗaya, ga dabarar gano ɓarauniya. Ki canza ƙaramin abu a kowane kwafi: a na wannan mayafin ruwan toka ne, a na waccan ruwan ƙasa, a nan Unguwar Rimi aka je, a can Malali. Ki rubuta wa kika ba wanne a littafin ajiya. Wurare uku masu zaɓi biyu-biyu suna ba da kwafi takwas mabambanta, wurare biyar suna ba da 32. Ranar da kwafi ya fita yawo, shi zai faɗi mai shi.

In ya riga ya fita

Kada ki tabbatar, kada ki ƙaryata, kada ki yi doguwar murya kina Allah ya isa, domin wanda bai ji ba ma a nan zai ji. A goge saƙon, a yi wa mai laifin magana ta bayan fage. Kada kuma ki canza ƙarshen don ki kunyata ta. Alamun da kika shuka tun shafi na 5 suna nuni ne ga ƙarshen asali, in kin sauya shi za su zama ƙarya, masu lura kuma za su gane. Abin da ya fi shi ne ki matso da sakin: in saura shafi shida a kai wurin, ki fitar da su cikin kwana uku maimakon mako biyu, daga ajiyar nan da kika tanada. Sannan ki sake duba shafin tonon kansa, ki ƙara masa abin da mai fasa ƙwan ba ta da shi, kamar wanda ya san gaskiyar tun farko ya yi shiru, da abin da jaruma za ta ce wa Hajiya idan sun haɗa ido.