Yadda Kwamitin Ilimi na Ƙaramar Hukuma Zai Bi Diddigin Sakamakon Jarrabawar Sakandare

Kafin kwamiti ya nemi takarda ko ɗaya, ya fara sanin iyakar ikonsa. Ba ko'ina ne sakandare ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma ba. A Ingila, alal misali, makarantun da ake kira akademi ba kansiloli ke tafiyar da su ba, don haka abin da ke hannunsu shi ne tambaya da matsin lamba da kai ƙorafi gaba.

Daga nan a aika wa kowace makaranta fom iri ɗaya, ta cike na shekara 3 a jere: ɗalibai nawa suka shiga ajin ƙarshe, nawa aka yi wa rajista, nawa suka zauna, nawa suka ci, darasi-darasi, maza daban mata daban. A kuma jira a gama sauraron ƙorafe-ƙorafe da sake duba takardu, domin alƙaluman farko kan canza.

Inda aka fi yi wa kansiloli rufa-ido shi ne adadin da aka raba da shi. A ce ɗalibai 120 ne a ajin ƙarshe, aka yi wa 80 rajista, 60 suka ci. Makaranta za ta ce kashi 75 cikin 100 ta samu, alhali a kan ajin gaba ɗaya kashi 50 ne. Ina sauran 40 ɗin? Wasu sun ƙaura da gaske, wasu kuwa lallaɓa su aka yi suka janye don kada su ɓata lissafi. A nemi dalilin fitar kowane ɗaya a rubuce. Haka kuma aji mai ɗalibai 25, kowane yaro kashi 4 ne, uku suka kwanta ciwo sai a ga kashi 12 ya zube. Shi ya sa ba a yanke hukunci da shekara ɗaya.

Sai a duba da me yaran suka shigo. Makarantar da ke tsince gwanaye ba abin mamaki ba ne ta yi zarra. Wannan ne ya sa Ingila ta koma ma'aunin Progress 8 a 2016, wanda ke kwatanta sakamakon ɗalibi a darussa 8 da na takwarorinsa da suka gama firamare da maki irin nasa. Inda babu irin wannan, makin jarrabawar shiga ma zai yi aiki.

Idan darasi ɗaya ne ya faɗi, galibi malami ne ya tafi ba a maye gurbinsa ba, ko ba a gama manhaja ba. Idan duka suka faɗi tare, a duba rajistar halarta da shugabanci. Tashin gwauron zabo a shekara guda ma abin bincike ne, ko satar amsa ce.

A tura wa shugaban makaranta tambayoyi mako 2 kafin zama. Wanda aka yi wa ba-zata kare kansa kawai zai yi. A tashi da matakai da ba su wuce 3 ba, kowanne da mai alhakinsa da ranar kammalawa, a sake dubawa bayan jarrabawar gwaji, lokacin da sauran damar gyara. A rahoton da za a fitar wa jama'a kada a sa sunan ɗalibi, kuma rukunin da ƙanƙantarsa za ta sa a gane mutum a haɗe shi da wani.