Kurakuran da muke yi wa daji da sunan neman abinci

Jama'a ni fa abin nan yana damuna wallahi. Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Alkaleri ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kuma ba mai cewa mutum kar ya nemi na tuwo, amma yadda muke yin abin ne akwai gyara.

Babban kuskuren shi ne sare itace tun daga gindi, har kututturen sai an tone. Kirya da marke aka fi bi saboda gawayinsu na daɗewa a murhu, to da suka fara wuya sai aka koma kan kaɗanya da ɗorawa, alhali kaɗanya sai ta kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ita ce man kaɗe, ɗorawa kuma ita ce kalwar da matanmu ke yin daddawa suna sayarwa duk shekara. Ka kayar da ita ka karɓi kuɗin 'yan buhuna, shikenan fa. Ɗan uwa sassare rassa ka bar uwar, in kuma kututture ya yi toho a gonarka kar ka tuge, zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su su tashi. Haka manoman Maradi suka riƙa yi tun shekarun 1980 har gonakinsu suka sake cika da itatuwa.

Sai cinna wa daji wuta da rani don gafiya ko zomo. Na taɓa bi ta wani fili bayan wuta ta mutu, kunkuru biyu na gani a ƙone cikin toka, amyar wani bawan Allah da ke kan bishiya ta zama gawayi. In ƙona sharar gona ya zama dole, a share gefe tukuna, a jira iska ta kwanta.

Masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a rafi don kama kifi kuwa don Allah ku daina, har 'ya'yan kifin yake kashewa kuma mu ne masu cin na kasuwar. Raga mai manyan ido ta isa.

Yankari tun 1956 aka keɓe ta a matsayin gandun namun daji, amma noma ya matso har bakin iyaka, giwa ta shigo ta cinye masarar mutum a dare ɗaya, akwai ciwo ba ƙarya. Sai dai harbi ko guba ba ya dawo da masarar, ga ɗauri. A sanar da ma'aikatan gandun da wuri, a yi gadin dare da fitila da buga gwangwani, a jera amya a gefen gona tunda giwa tana tsoron ƙudan zuma, ga ruwan zumar kuma ka sayar.